Sharhi: Kayan zaɓen ƙarfin wuta da ke cikin helpers.c na Linux

Duk mai rubuta direban PMIC (guntun lantarki mai daidaita wa sassan kwamfuta wuta) da yake lissafin lambar zaɓin ƙarfin wuta, wato lambar da ake rubuta wa guntun don ya ba da ƙarfin da ake so, da hannunsa, wahalar da kansa yake yi. Tun 2008 Linux take da sashen kula da na'urorin daidaita wuta, kuma abin da ke cikin drivers/regulator/helpers.c ya ishi yawancin direbobi.

Mafi amfani shi ne regulator_map_voltage_linear. A ɗauki na'urar da ke farawa daga 600 mV, kowane mataki 12.5 mV. CPU ya nemi tsakanin 905 da 950 mV. Lissafin matakai daga 600 zuwa 905 ya ba da 24.4. Direban da ya yi rabawa kai tsaye zai zubar da ragowar, ya rubuta 24, wato 900 mV, ƙasa da abin da aka nema. Allon lantarkin zai tashi lafiya lau, sai aiki ya yi nauyi ya daskare, a yi ta zargin RAM ba gaira ba dalili. Shi kuwa regulator_map_voltage_linear da DIV_ROUND_UP, mai cike ragowar rabawa zuwa sama, yake aiki, ya ba da 25, wato 912.5 mV. Bai tsaya nan ba, yakan mayar da lambar zuwa ƙarfin wuta ya duba ko tana cikin iyaka. In ta fita, sai ya dawo da -EINVAL, wato alamar kuskure. Wannan dubawa ta biyu ita ce masu rubutun hannu suka fi mantawa.

Sauya tsohon direba ba wuya: a cike min_uV (ƙarfin farawa), uV_step (girman mataki), n_voltages (yawan lambobi), vsel_reg da vsel_mask (gurbin da ake rubuta lambar), a ɗora regulator_set_voltage_sel_regmap, a goge tsohon lissafin. Idan girman mataki yana canzawa a tsakiyar tebur, akwai regulator_map_voltage_linear_range.

Inda waɗannan kayan suka gaza shi ne, duk abin da aka ba su gaskatawa suke yi. Idan vsel_mask 0x3f ne kuma duk lambobin suna aiki, n_voltages 64 ne. Wanda ya sa 63 ya rasa mataki na ƙarshe, kuma babu gargaɗi. Haka linear_min_sel, wato lambar farko da ke aiki: a manta da shi a na'urar da lambobinta na farko ba sa aiki, sai duk teburin ya goce. Shi ma regulator_map_voltage_ascend tarko ne ga teburin da ke saukowa, domin da ya ci karo da adadin da ya wuce iyakar sama yake tsayawa. A irin wannan, regulator_map_voltage_iterate ya fi, ko da yake sai ya bi teburin kaf.

Kaya ne masu kyau, an daɗe ana gwada su. Amma adadin da fayil ɗin regulator_summary ke nunawa a debugfs, wurin binciken matsala na Linux, daga teburin direban yake fitowa, to kuskuren tebur ba zai bayyana a can ba. Bayan gyara a sa mita a kan layin wutar, a auna mataki na farko, na tsakiya da na ƙarshe, a gwada da takardar bayanan na'urar.