Agogon Nixie: wane aisi ne ke kashe lamba tsaf?

Da ƙarfe tara na dare ya kamata kwalbar farko ta hagu a agogona na Nixie (agogon da ke nuna lambobi da haske a cikin kwalaben gilashi) ta mutu, a ga 9:00 kawai. Amma sai wani hazo ruwan lemo ya riƙa yawo a cikinta, kamar garwashin da aka rufe da toka. Kwana uku ina zargin kwalbar, ashe aisin (IC, ɗan guntun lantarkin da ke kunna lambobi yana kashe su) da na zaɓa ne bai dace da aikin ba. Kai da ke shirin haɗa naka a nan Bauchi, tsaya ka auna kafin ka tura kuɗi, domin yawancin kayan odarsu ake yi, kuskure ɗaya kuma jiran makonni ne.

Kwalaben Nixie irin IN-12 da IN-14 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet iskar neon ce a cikinsu, suna kamawa da wuta wajen volt 170, kowace lamba da ƙafarta.

Aisin da kowa ke fara saye shi ne K155ID1, takwaran 74141. Yana da araha, ƙafafunsa manya ne, ko sabon hannu zai liƙa shi da dalma. Idan ka aika masa lamba daga 10 zuwa 15, sai ya saki duka ƙafafun, a ƙa'ida kwalba ta mutu. Matsalar ita ce ƙafafun nasa ba sa riƙe fiye da kimanin volt 60. In wutarka 180 ce, ragowar 120 na nan a kan kwalbar, ita ce ke haifar da hazon nan. Rage wutar zuwa 170 kan taimaka, amma maganin gaske shi ne ka yanke wutar daga sama, ta wajen anod (ƙafar da wutar ke shiga kwalbar), da TLP627, wani ɗan makunnin lantarki da haske ke sarrafawa. In kuma aisi ɗaya kake juyawa tsakanin kwalabe shida, ka bar ɗan tsaiko na maikirosakan 200 ko makamancin haka kafin ta gaba ta kama, in ba haka ba inuwar wata lamba za ta bayyana a kan maƙwabciyarta.

Wata hanyar ita ce taransisto MPSA42 a maimakon aisi: yana jure volt 300, kashewarsa ba ta barin hazo. Sai dai kowace lamba da nata, agogo mai sakan kuwa yana cin 45, kowanne da resistarsa. Aikin haƙuri ne. Ka fara tambayar masu gyaran talabijin a wajen Wunti kafin ka yi oda.

Aisin HV5622 shi na fi so. Ƙafa 32 yake tuƙawa, yana jure volt 220, kuma yana da ƙafa ta musamman ta kashewa, guda biyu sun ishi kwalabe shida. Amma volt 12 yake so a ɓangaren umarni, ba 5 na Arduino (ɗan allon kwamfutar da ke ba da umarnin) ba, sai ka sa abin ɗaga sigina a tsakani. Ƙafafunsa kuma siraran gaske ne.

Ko wanne ka ɗauka, goge allon da sifirit. Ƙurar hunturu in ta haɗu da laimar damina takan buɗe wa wutar hanya tsakanin layuka. Kuma kada ka taɓa allon sai kafasito (ma'ajin wutar da ke kan allon) ya sauke cajinsa.

Ni dai ban cire K155ID1 ɗina ba. TLP627 ɗaya na ƙara a kan kwalbar hagu, hazon ya tafi. Agogo na biyu, wanda ƙanena ya roƙa, da HV5622 zan yi shi.