Pinyo mai miƙaƙƙun haƙora da pinyo konik

Jiya a garaji nan Damagaram yarona ya ce, "Maigida, wai mi ya raba su, ba duka haƙora ba ne?"

To pinyo dai faifan ƙarfe ne mai haƙora da ke juya ɗan'uwansa cikin inji. Mai miƙaƙƙun haƙora sandunansa biyu a jere suke juyawa gefe da gefe, ga sauƙin ƙira ga araha, amma akwai ƙara wallahi, kukan nan da mota ke yi in kana baya-baya aikinsa ne. Konik kuwa siffar mazurari gare shi, yana karkata juyi da digiri 90, shi ne cikin diferansiyal (mai raba juyi ga tayoyin mota na dama da hagu) da kan injin guga na masu walda. Sai dai rigima gare shi wajen saiti, tazara ta ɗan kuskure haƙora su cinye juna, ka zubar da mai ka ga garin ƙarfe na walƙiya ciki.