Kafin ka kashe kuɗinka a manga da anime na aljanun Japan

Mai son labaran yokai, wato aljanu da dodannin tatsuniyoyin Japan, yakan rasa ta inda zai fara, ko daga manga, wato littattafan labari cikin zane, ko daga anime, wato fina-finansu na zane, ga shi littattafan ba arha ba. Ni dai da za a ce in ɗauki guda, Natsume Yuujinchou zan ɗauka, ba ja-in-ja.

Yuki Midorikawa ce ta rubuta shi, ta kuma zana. Labarin wani maraya ne, Takashi Natsume, mai ganin abin da mutane ba sa gani, har dangi suka yi ta gudun riƙonsa don sun ɗauka maƙaryaci ne. Ya gaji wani littafi daga kakarsa Reiko, wadda ta yi ta kayar da yokai tana karɓe sunayensu a rubuce. Duk wanda littafin ke hannunsa, sai yadda ya yi da su. Shi kuwa yaron bai nemi mulkarsu ba, mayar wa kowa sunansa yake yi: ya ciji takardar, ya haɗa tafukan hannu, ya busa, tawadar ta tashi ta koma wa mai ita. Wannan wurin kaɗai ya isa a saya. Anime ɗinsa ya fara a 2008, zango na bakwai ya fito a 2024, kuma bai kauce wa littafin ba. Abin da ya fi burge ni, kusan kowane labari a wurin yake ƙarewa, don haka ko littafi ɗaya ka samu ba ka yi asara ba.

Wannan kuwa shi ne ma'aunina na farko, don na san zafin a bar mutum a rataye. Noragami yana da daɗi, amma anime ɗin kashi 25 ne kacal, ya tsaya tun 2015, alhali littafin ya kai juzu'i 27. In ba ka da niyyar sayen littattafan, kada ka fara. Inuyasha na Rumiko Takahashi ya kammala a allo, sai dai kashi 167 ne da ƙarin 26, littafin kuma 56. Sai mai haƙuri da aljihu. Record of Ragnarok faɗa ne zalla, har Adamu uban 'yan Adam suka sa ya yi dambe da Zeus, babban abin bautar Girkawan da, ban ga dalilin shigar da shi gida ba. Fim ɗin Knights of the Zodiac na 2023, wanda mutane na gaske suka fito a ciki maimakon zane, wuce shi kawai.

Sai maganar jabu, wadda ta fi zaɓin kansa muhimmanci. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko mini da kwalin littattafai a rabin farashi, bayan ya tabbatar mini na asali ne. Baƙin tawadar ya koɗe, takardar shara-shara har ana hango zanen baya, an yanke gefen maganganun, shafuka na zubewa tun karatun farko. Natsume da Inuyasha na Turanci kamfanin Viz Media ke bugawa, Noragami kuma Kodansha. Amma tambari a bango ba hujja ba ne, masu jabu ma suna kwafarsa. Ka ce a ɗauko maka hoton cikin littafin da na ƙashin bayansa, ba hoton talla ba. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. In farashi ya yi arhar banza, da walakin.

Haka faifan da aka cusa zango biyar ko shida a ciki: hoton dishi-dishi, fassarar da ke ƙasan allo ba kai ba gindi, suna ɗaya a rubuta shi iri uku. Wurin masu tura fina-finai a waya kuma, ƙirga kashi-kashin a gabansu kafin ka biya. Zangon farko na Natsume kashi 13 ne. Buɗe na farko da na ƙarshe, ka tabbata murya da rubutu suna tafiya tare.