Wace kyamara za ka saya in kana son ɗaukar tsofaffin gine-gine cikin ruwan sama da sanyi?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu a Maroko ne ya tada maganar nan, ya kira ni wai Yaya zan je ƙauyukan dutsen Atlas a hutun Janairu, akwai dusar ƙanƙara, me zan saya in yi hoton gidajen ƙasa da ke can? Ni kuma nan Tawa aikina kenan duk damina, in hau moto in bi ƙauyuka ina ɗaukar tsofaffin masallatai da zauruka da rumbuna, to na ce bari in rubuta abin da na sani gaba ɗaya kowa ya amfana, don ruwan Agusta namu da ƙanƙarar can matsalarsu kusan ɗaya ce a wajen kyamara.

Wani zai ce me ya sa sai cikin ruwa, ka bari rana ta fito mana. To ai ginin ƙasa ba ya nuna kyansa da rana tsaka, komai fari fat yake fita. Amma je ka garin Yama da ke nan jihar Tawa bayan an ɗauke ruwa ka tsaya gaban masallacin Juma'ar nan da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, ka ga yadda yaɓen ke komawa ja mai duhu, hasumiyoyin nan huɗu da kowace da irin zubinta suna tsaye gaban baƙin hadari, indararo na ɗiga, ruwan da ya kwanta a fili yana nuna ginin a kife. Wannan hoton ba ka samunsa a watan Afrilu ko da nawa ka sayi kyamara.

Abin da nake dubawa na farko ba yawan megafiksel (ma'aunin ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) ba ne, toshiya ce, wato zobban robar da aka sa a bakin batir da maɓallai da inda gilashi (idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba) ke haɗuwa da jiki don kar ruwa da ƙura su shiga. Na koyi wannan da kuɗina. Kyamarata ta farko irin masu araha ce, ba roba ko ɗaya, wata rana hadari ya taso mini a wani ƙauye, kun san namu kafin ruwa sai iskar ƙura ta fara bugawa, ƙura ta shiga ko'ina sannan ruwa ya biyo ya mayar da ita laka, na fake ƙarƙashin wani soro ashe saitin indararo nake. Da daddare allon ya yi hazo daga ciki, washegari ta ƙi tashi, shikenan.

Wadda nake riƙe da ita yanzu kuma wadda nake cewa kowa ya nema ita ce Olympus OM-D E-M1 Mark II haɗe da gilashin 12-40mm f/2.8 PRO. Ta fito tun 2016 shi ya sa okaziyonta ya sauko sosai, megafiksel 20 gare ta, kuma kamfanin ya yi ta ne don ruwa da ƙura da sanyi har digiri 10 ƙasa da sifiri. Jiki da gilashi a haɗe ba su cika kilo ɗaya ba, wanda ya taɓa tura moto cikin taɓo da jaka a baya ya san darajar wannan. 12-40 ɗin nan a lissafin manyan kyamarori daidai yake da 24-80, kenan ka tsaya cikin lungu ka kwashe gaban zaure duka, ka kuma jawo zanko ko zanen bakin ƙofa ba tare da ka cire gilashi ba, kuma cire gilashi cikin iska shi ne babbar ƙofar da ƙura ke bi ta hau sansa, wato ɗan farantin ciki da ke karɓar haske ya zama hoto. Ko ta hau ma, duk sanda ka kunna akwai wani tsari da ke girgiza ƙurar ta faɗi, Olympus sun daɗe da shi tun 2003, ni dai da wuya nake ganin ɗigon baƙi a sararin sama a hotunana, har cikin hazon hunturu.

Abin da ya fi kama mini rai shi ne mai hana rawar hannu da ke cikin jikinta. Cikin tsohon masallaci duhu ne, haske na shigowa ta 'yan ƙananan tagogi, kana son bakan gizo da azara su fito, kuma ba kowane liman zai so ka kafa ƙafa-uku kan tabarmi ba, ni ma kunya nake ji. Da wannan kyamara sai in jingina da ginshiƙi in riƙe numfashi in ɗauka a rubu'in sakan ko rabi, hoton ya fito tsaf. Tana da wurin kartin ajiyar hoto guda biyu, kowane hoto ya shiga duka biyun, zan zo ga dalilin da ya sa wannan ya zama mini farilla. Akwai kuma gyaran karkata a cikinta, kun san in ka ɗaga kyamara sama don hasumiya sai ginin ya yi kamar zai faɗi baya, to tana miƙar da shi kana gani a allo kafin ka danna. Aibinta ɗaya da zan yarda da shi, sansarta ƙarama ce, in ka kai ISO, wato lambar da ake ƙarawa don hoto ya yi haske cikin duhu, sama da 3200 hoton na yin tsaki-tsaki, amma gini ba ya gudu, me zai kai ka can. In aljihu da nauyi ka nemi OM-5 ko OM-1 na 2022, gida ɗaya ne sai dai tun 2021 sashen kyamarar ya bar hannun Olympus, yanzu OM System ake rubutawa, su an gwada su an ba su lambar IP53, 5 ɗin na ƙura ne 3 ɗin na feshin ruwa. Ba na nutsewa ba ne fa, kar wani ya tsoma ta a gulbi.

Sauran kuwa. Pentax K-70 da KF suna da toshiya mai kyau in ka haɗa da gilashin da aka rubuta WR, alamar yana da toshiya, amma nemo batir ko gilashinsu a Yamai wahala ce. Fujifilm X-T3 da X-T4 kalarsu na da daɗi, kuɗin ne ya yi yawa. Canon 2000D da 4000D da Nikon D3500 da suka cika shaguna na biki da suna ne, ba toshiya. Sony A6000 ma haka. Olympus TG-6 tana shiga ruwa har mita 15 amma hotonta cikin duhu bai fi na waya ba. Waya mai lambar jure ƙura da ruwa ta IP68 ba ta tsoron ruwa, sai dai allo in ya jiƙe ba ya jin yatsa, kuma iPhone ma kamfanin ya ce daga digiri 0 zuwa 35 aka yi ta ta yi aiki.

Kai kuma ƙanena da duk mai zuwa inda ake ƙanƙara, ko hanyar Tizi n'Tichka ce mai tsayin mita 2260 da ake bi daga Marakesh zuwa Ait Benhaddou, ko tsofaffin gidajen Safranbolu a Turkiyya, ka riƙe abu uku. Kyamara in ta ga fari ya cika sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, ƙanƙara ta fito toka-toka ginin ya yi baƙi, don haka ka ƙara haske +1 ko har +2 da hannunka, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka gyara shuɗin da ke hawa inuwa. Sanyi na shanye batir da sauri, ka sa batir na biyu a aljihun ciki jikin fatarka. Na uku shi mutane suka fi mantawa, in za ka shiga ɗaki mai ɗumi daga waje ka sa kyamara cikin leda ka ɗaure tun kana waje, ka bar ta kamar awa ɗaya, in ba haka ba raɓa za ta kwanta har cikin gilashi. Mu nan akasin haka ke faruwa, ka fito daga mota mai sanyi cikin zafin damina gilashi ya yi gumi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don wallahi zaɓen kyamara bai kai wannan ciwo ba. Na taɓa sayen karti a wani shago a Yamai, an rubuta giga 128, kwalinsa da tambarinsa kamar na gaske, mai shagon har da rantsuwa. Na yi kwana uku ina yawo, na ɗauki wani tsohon zaure mai tulluwa da jikan maginin ya buɗe mini da kansa ya nuna mini sawun hannun kakansa a yaɓen ciki. Na dawo gida na sa a ordinatar, sunayen hotuna duk suna nan amma fiye da rabi ba sa buɗewa. Kartin na giga 8 ne aka yi wa dabara yake cewa 128, in ya cika sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa ba tare da ya ce komai ba. Damina ta gaba zauren ya rushe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba kuɗin ba ne, abin da babu shi kuma ne a duniya.

Saboda haka duk kartin da ka saya, ko daga hannun ɗan uwanka ne, ka gwada shi a ordinatar da wani tsari da ake kira H2testw kafin ka fita da shi, kyauta ake saukewa, yana cika kartin dam sannan ya karanta ya gaya maka gaskiyar girmansa. Zai ɗau lokaci, ka bar shi ya gama. In farashi ya yi arha fiye da hankali ka ajiye ka wuce.

Batir ma haka. Na E-M1 Mark II sunansa BLH-1, jabunsa sun yi yawa, ka riƙe shi da na asali hannu biyu za ka ji jabun ya fi sauƙi, rubutun ya yi dishi-dishi, yana nuna cike sai ya mutu farat ɗaya, wani kuma ya kumbura ya maƙale a ciki. A sanyi irin na ƙanƙara su ne ke fara faɗuwa.

Sai wayon da ake yi wa sabbin shiga: a ba ka jiki mai toshiya a ɗaura masa ɗan gilashin 14-42 marar roba a ce maka ai ba ta jin ruwa. Ƙarya ce, ruwa ta gilashin zai bi. Ka cire gilashin ka shafa bakin ƙarfensa da yatsa, in ba ka ji siririn zoben roba ba to babu toshiya. Ka duba robar murfin batir da na karti ko ta tsage ko ta bushe, zafinmu na cin roba. Ka haska fitilar waya ta cikin gilashin ka leƙa ta ɗaya gefen, in ka ga abu kamar saƙar gizo to hunhuna ce, kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku sun fi kamuwa da ita kuma gogewa ba ta fid da ita. Ka duba kawunan sukurori, in sun goge an taɓa buɗe ta, kuma kyamarar da aka buɗe ba lallai robarta ta koma daidai ba. Ka sa a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka, ita E-M1 Mark II an ƙiyasta mata 200,000, in ta kusa can sai a rage kuɗi sosai. Mai kayan da ya hana ka gwadawa ko ya ce batir ba caji, ka ce masa Alhaji Allah ya ba da kasuwa ka yi gaba, kuma ka karɓi takardar saye mai lambar jikin kyamarar a rubuce.

Ƙananan kayan da ke jakata kullum: hular gilashi don ɗigon ruwa, tsumma mai laushi guda biyu, famfon roba na hura ƙura, leda babba, da 'yan ƙunshin silika irin na cikin kwalin takalmi. In ka isa ƙauye ka fara gaida maigari da liman kafin ka ciro kyamara, kuma kar ka jingina ko ka hau katangar da ta sha ruwa, yaɓe jiƙaƙƙe na ɓantarewa a hannu, masu gidan ne za su sake kwaɓa ƙasa su gyara.