Saƙo daga Fulorans zuwa unguwar Birni ta Damagaram

Kawu, ina gaisuwa da fatan alheri. Ya zafin bazara? A gaida Inna da mutanen gida. Nan Italiya a watan Afrilu sanyi ya sassauta, itatuwa sun yi toho, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Ranar hutu nakan hau jirgin ƙasa daga Farato, inda nake ɗinki, kamar rabin awa sai ga ni a Fulorans.

Abin da na so ku gani da idonku, ku da kuka tsufa a gini, yana San Marko, tsohon gidan limaman Kirista. Kallon aikin hannu ya kai ni. Ɗakuna ne ƙanana a jere, kowanne da zanensa a bango, aikin mai zane Fara Anjeliko wajen 1440, kuma har yau yana nan inda aka yi shi, gefen 'yar tagar da ke ba shi haske. Shafen farar ƙasa suke yi, su zuba launi tun yana ɗanye don ya sha, ba sa shafa abin da ya wuce aikin yini. In ka matsa kusa sai ka ga gaɓar da aikin jiya ya haɗu da na yau. Ai haka kuke fitar da dagi a goshin zaure kafin laka ta bushe.

A kulawa ne suka yi mana nisa. Kogin Arno da ya ratsa Fulorans ya yi ambaliya a Nuwamban 1966 ya ɓata ayyuka masu yawa, amma suna da masu gyara waɗanda sana'arsu ke nan, da makarantarsu. Tikitin gidan tarihi ana iya sayensa ta waya, a ba ka lokacin shiga. Gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne Lahadin farko ta kowane wata, sai dai layi.

Kaya kuwa akwai tsada, tunda yuro ɗaya ya kai sefa 656. Burodinsu babu gishiri, kofi ma in ka zauna ya fi na tsaye kuɗi. Na daɗe a kasuwar San Loranzo ina juya jakunkunan fata. Ɗinkinsu a miƙe yake, zif mai ƙarfi, an goge baki sumul. Amma laushin jar fatar akuya ta majemarmu, wallahi ban taɓa irinsa a hannuna nan ba. Gamawa ce kawai dukawanmu za su ƙara.

Raina yana ɓaci in na tuna gidajen Birni da ake lulluɓe zanensu da siminti, ga fadar Sarkin Damagaram tun wajen 1850, ga unguwar a jerin jiran shiga kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2006. Don Allah, Kawu, kada a taɓa zauren Kaka da siminti. Ku faɗa mini kuɗin makuba da na leburori, zan aiko kafin damina ta faɗi.