Sharhi: Dunƙulen biskit ɗin Oreo mai furotin, wanda ba a ɗora wa wuta

Na gwada wannan dunƙulen ta hanya uku: da cuku mai laushi, da tataccen kindirmo, da kuma markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Daɗi kam yana da shi, kuma aikin hannun bai wuce na minti 20 ba. Sai dai sunan "mai furotin" da ake kiransa da shi ba ya tabbata sai an auna kayan a sikeli. Wanda ya haɗa da ƙiyasin ido, alawar biskit kawai zai samu.

Asalin abin daga Amurka ne. Kamfanin Nabisco ya fara fitar da Oreo, biskit ɗin koko mai farin kirim a tsakiya, a 1912 a birnin New York, yanzu kuma yana hannun Mondelez. Tsohon haɗin da ake yi a gidajen Amurkawa shi ne biskit 36 da cuku mai laushi gram 226, irin wanda ake shafa wa burodi, a niƙe a cuɗa, a mulmula, a tsoma cikin cakulan. Idan aka fitar da dunƙule 40 daga wannan, kowanne bai kai gram 1 na furotin ba. Dalili a fili yake: bisa rubutun kwalin da ake sayarwa a Amurka, biskit uku gram 34 ne, da kalori 160, da sukari gram 14, furotin kuwa gram 1 zuwa 2. Farin kirim ɗin tsakiya ma sukari ne da mai. Masu motsa jiki ne suka shigo da garin furotin cikin haɗin, kuma a nan duk wahalar take, domin garin nan yana da halinsa.

Ma'aunin da ya fi tsaya mini shi ne biskit gram 135, garin furotin gram 60, cuku mai laushi gram 100, ɗan gishiri a bakin yatsa biyu, da madarar ruwa cokalin shayi ɗaya zuwa uku. Gram 135 kusan biskit 12 ne, amma a auna, don girman biskit ɗin yana bambanta daga ƙasar da aka yi shi zuwa wata. Garin da nake nufi shi ne wanda aka rubuta whey a jikin robarsa, ana samar da shi daga ruwan da ke tsatsowa daga madara lokacin yin cuku. Ludayin da ke cikin robar yakan ɗauki wajen gram 30, a ciki akwai furotin kamar gram 24. Wannan haɗin yana ba da dunƙule 14 masu gram 22, kowanne da furotin wajen gram 4, kalori kusan 90, da sukarin biskit gram 4, wato cokalin shayi guda. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da furotin gram 6 da kalori ƙasa da 80, saboda haka kada a ɗauka dunƙulen zai maye gurbin ƙwai. Amma dai ya fi cin biskit ɗin zalla.

A ware biskit biyu a gefe, a farfasa su da hannu manya-manya, su ne za su ba da ƙaras-ƙaras a ƙarshe. Sauran a niƙe su lukui tare da kirim ɗinsu. Ƙaramin kofin blanda na busassun kaya yana yi, amma a riƙa kunnawa ana kashewa, don in ya daɗe yana juyawa kirim ɗin zai yi ɗumi ya manne a gindin wuƙar. In babu wuta, a zuba a leda mai kauri a murje da kwalba. Turmin da ake daka yaji ko daddawa a guje shi, man kirim yana kwasar wari nan take.

A juya garin furotin cikin garin biskit tun suna bushe, har launin ya zama ɗaya. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa. Idan garin furotin ya fara haɗuwa da danshi shi kaɗai, sai ya yi ƙananan gudaji farare da ba sa fashewa ko an murza. Cukun kuma a fitar da shi daga firji minti 20 kafin a fara, mai sanyi ba ya shiga gari, sai dai ya yi ɗigo-ɗigo. A danna shi da bayan cokali, sannan a sa hannu a cuɗa.

Daga nan sai a dakata minti 10 kafin a zuba ko ɗigon madara. Garin furotin yana shan ruwa a hankali, don haka ƙullun da ya yi kamar ya bushe da farko yakan daidaita da kansa. Mai gaggawa zai ƙara madara cokali biyu manya, bayan ɗan lokaci ya tarar da abu mai yauƙi yana bin yatsu kamar ƙaro. Gwajin da ba ya kuskure shi ne a dunƙula kaɗan a tafin hannu a danna da babban yatsa. In gefensa ya tsattsage, yana son madara cokalin shayi ɗaya, a cuɗa a sake gwadawa. In ya bar shafi a yatsa, ruwa ya yi yawa, a gyara da niƙaƙƙen biskit ɗaya ko garin ots cokali guda. Kada a gyara da ƙarin garin furotin, zai sa shi danƙo a haƙori da gari-gari a harshe kamar alli.

Wanda garinsa na kesin ne, wato wani nau'in furotin na madara, ko na tsirrai irin waken suya, ya sani waɗannan sun fi shan ruwa nesa, madarar za ta iya ninkawa, dunƙulen kuma ya fi saurin ruɓushewa. Game da ƙamshi, na banila ko wanda babu komai a ciki ya fi dacewa. Yawancin garin nan da ma an sa musu abin zaƙi, to in ya haɗu da kirim ɗin biskit sai zaƙin ya yi ta gundura. Gishirin nan yana taimakawa. Abin da ya fi shi kuwa shi ne a buɗe rabin biskit ɗin a kankare kirim ɗinsu da wuƙa, sai a ƙara cuku babban cokali ɗaya, tun da kirim ɗin ma yana cikin abin da ke riƙe ƙullun.

In ƙullun ya yi daidai, a zuba farfasasshen biskit ɗin nan, a rufe a sa a firji minti 30, a mulmula, a mayar awa guda. Tafin hannu ya zama a bushe kuma da sanyi.

Na kindirmo shi ne ya fi mini daɗi a baki, don tsaminsa yana karya zaƙin. A samu wanda aka yi da dafaffiyar madara, a zuba a ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ya kwana a firji yana tsiyaya har ya yi kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Gram 75 ya isa, kuma ba a ƙara madara. Matsalarsa laushi: dunƙulen yakan ɗan baje a faranti, kwana uku kuma ya fara jiƙewa.

Na gyaɗa shi ne wanda nake ba da shawara ga duk wanda wutarsa ba ta tsayawa, ko mai son jefawa a jaka ya tafi wurin motsa jiki. Wanda ya san dakuwa ba zai ga baƙon abu ba, gari ne da mai da zaƙi a dunƙule. A maimakon cuku, a sa soyayyiyar gyaɗa da aka markaɗa ta yi laushi da manta gram 100, da zuma babban cokali ɗaya, ba madara, ba ruwa. Ruwa kaɗan in ya taɓa markaɗaɗɗiyar gyaɗa sai ta ƙame ta fara fitar da mai, shi ya sa in ƙullun ya bushe man gyaɗa ko man kwakwa cokalin shayi ɗaya ake ƙarawa. Furotin yana hawa zuwa gram 5 da rabi a kowane dunƙule, kalori kuma wajen 110. Ɗanɗanon gyaɗar yana danne na kokon biskit, wannan kam sai an haƙura.

Garin furotin yana da tsada, kuma mutane kan tambaya ko madarar gari za ta yi. Ƙullun zai haɗu, har ya fi laushi, amma madara mai cikakken maiƙo kashi ɗaya cikin huɗu ne furotin, don haka dunƙulen zai tsaya a gram 2. Garin ƙuli-ƙuli ya fi ta kusa da garin furotin, tun da an riga an matse man gyaɗar. A nemi marar yaji, a daka a tankaɗe da rariya mai laushi, a maye rabin garin furotin da shi a haɗin gyaɗa.

Lulluɓin cakulan ban ga amfaninsa a nan ba. Gram 100 yana ƙara wa kowane dunƙule kalori wajen 40, kuma cakulan na gaske yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, balle a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. Mai son yi ya narka shi a kwano bisa ruwan zafi da man kwakwa cokalin shayi ɗaya, ya kiyaye ko tururi kada ya shiga, don ɗigon ruwa yana sa shi ya cure ya ƙi tsomuwa. Dunƙulen kuma daga firji za a ɗauko, wanda ya daskare a firiza yana fasa lulluɓin in ƙanƙararsa ta fara saki. Birgima shi cikin garin biskit ya wadatar.

Mai ciwon sukari ya lissafa da cokalin sukarin nan a kowane ɗaya, kuma haɗin yana ɗauke da alkama da madara da waken suya, wani kuma da gyaɗa, ga masu jikin da ba ya karɓarsu. Na cuku yana kwana huɗu zuwa biyar a firji cikin roba mai murfi. Shi da na kindirmo kada su wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. A firiza, a fara jera su a faranti su daskare ɗaya-ɗaya kafin a juye a leda, in ba haka ba za su manne wuri guda, kuma a ba su minti 10 a waje kafin a ci.