Rediyon sola mai tocila: abin da na gani bayan damina guda

Tun muna yara muke jin manya a unguwar Gwange ta Maiduguri suna ba da labarin ambaliyar 1994, amma gani ya kori ji. Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, na fito daga gida ruwa ya kai mini gwiwa, Hajiyarmu a goye a bayana, maiɗakina tana riƙe da yara biyu, hasken da muke da shi kaf na tocilar wayata ne. Kafin asuba wayar ta mutu. A tudun da muka fake kowa da nasa labarin: wani ya ce kadoji da macizan gidan zu na Sanda Kyarimi sun fito, wani ya ce fursunoni sun tsere, wani ya rantse wani ruwan na tafe wanda ya fi wannan. Biyun farko ashe gaskiya ne. Wanda ya kwantar mana da hankali wani dattijo ne da ya tsira da tsohon rediyonsa mai batir a aljihun babbar riga. Muka kewaye shi kamar masu jin ɗumi.

Shi ya sa da muka koma gida, bayan katifa da tukwane, abin da na fara saya shi ne wannan rediyon ɗan Chaina da ke cika kasuwa yanzu: FM da gajeren zango, tocila a goshi, faifan sola a baya, mariƙin wanawa a gefe, da ramin cajin waya. Naira 18,000 na biya bayan doguwar tayawa. Mai shagon ya ɗaga shi sama ya ce, "Malam, da wannan kai da NEPA sai dai gaisuwa. Waya biyu yake cikawa." Na yi murmushi. Mu da muka zauna cikin duhu wata da watanni tun daga Janairun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, ai mun riga mun daina gaisawa da NEPA.

Bari in fara da inda ya burge ni. Rediyon kansa yana da kyau ƙwarai. BRTV, gidan rediyon jihar Borno, da sauran tashoshin FM na gari suna fita tas ko a cikin ɗaki. Gajeren zango kuwa sai ka zare eriya duka ka matsa kusa da taga, ka riƙa murɗa maɓallin a hankali kamar mai zare ƙaya, domin gashi ɗaya ke tsakanin Sashen Hausa na BBC da wata tashar Larabci. In ka kama, shirin ƙarfe takwas da rabi na dare yana fita sarai. In batirin ya cika da wutar gida, rediyo kaɗai yana kai mini kwana uku ina saurare safe da dare. Tocilar ba ta jifa nesa, amma tana nuna maka inda za ka sa ƙafa, kuma akwai wata fitilar a gefe da ke haska ɗaki har yara su yi karatu.

Cajin waya kuwa, a nan mai shagon ya shara ta. Na kwance bayan rediyon na tarar da batir guda ɗaya tal, irin dogon nan da masu gyara ke kira 18650. Mafi ingancin irinsa bai wuce 3,500 mAh ba, wato ma'aunin cajin da batir ke ɗauka, wayoyinmu na yanzu kuma yawanci 5,000 suke ci. Ina waya biyu za ta fito? Na gwada da tawa: ta tashi daga kashi 5 zuwa 30 da ɗoriya, rediyon ya yi shiru. Ya isa ka kira lambar gaggawa 112 ko ka sanar da 'yan'uwa inda kake, iyakarsa ke nan. Kuma ka sani, duk abin da waya ta sha, daga bakin rediyo da tocila aka cire.

Faifan solar bai kai tafin hannuna ba. Na shanya shi yini guda a kan katanga, abin da ya tara bai wuce sauraron awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Ranar da hadari ya rufe gari, wato ranar da ka fi bukatarsa, kusan babu. Wani kuskure da na yi: a watan Afrilu na riƙa barinsa a rana tun safe har la'asar, robar ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Batirin lithium ba ya shiri da zafi, zafin Maiduguri kuwa ba sai an faɗa ba. Cikin 'yan makonni ya daina riƙe caji, sai da na sayi wani a wurin masu gyaran waya. Sa'ar da aka yi batirin na cirewa ne. Wanda zai saya ya duba wannan tun a shago, domin akwai masu kama da shi da aka liƙe batirin a ciki, in ya mutu rediyon ya mutu.

Mariƙin wanawar na raina shi da farko, na ɗauka kwalliya ce. Wata rana da gangan na bar batirin ya ƙare, na zauna na wana minti biyu cur ina kallon agogo, hannuna har ya gaji, ya ba ni kusan minti goma na labarai. Roba ce, tana ƙara kamar za ta karye, don haka na hana yara wasa da ita. Amma a dare irin wancan, minti goma na sahihin labari ba ƙaramin abu ba ne.

Rediyon ba ya jure ruwa ko kaɗan, duk da hoton ɗigon ruwa da aka zana a kwalin. Nawa yana zaune ne cikin leda biyu a wata jakar goyo da na rataye a ƙusa sama da ƙofa, tare da takardun fili, katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara, maganin hawan jinin Hajiya da ɗan kuɗi. Duk ranar Juma'a ina sauke shi in yi masa caji, in ji ko akwai sanarwar hukumar hasashen yanayi NiMet ko ta hukumar ba da agajin gaggawa kan ruwan sama da cikar kogi.

Zan sake saye? Zan saya, amma a matsayin rediyo da tocila, in nemi fawa bank daban saboda waya. Matsalar da ta rage ta cikin gida ce. Makon jiya na duba jakar na tarar ba ya ciki, ashe yana kicin yana ta zuba waƙa. Na yi magana, maiɗakina ta ce, "Haba Malam, abu sai ya zauna a leda yana jiran ambaliya?" Yanzu dai ina tara kuɗin na biyu.